Kananzir da Alli a Shagon Mai Sabulu

Shagon Mai Sabulu yana ƙarshen layin masu gyara, daidai inda kwalta ta ƙare hanyar gonaki ta fara. Ɗaki ne guda mai rufin kwano, ƙofarsa ta kusa cinye bangon gaba. Daga rufin an rataye wili-wili da waya, wato ƙarafunan da taya ke zama a kansu, manya da ƙanana. Idan iska ta shigo sai su riƙa juyawa a hankali suna watsa haske a bango, mutum ya ji kamar yana zaune a ƙarƙashin ruwa kifaye na wucewa ta kansa. A tsakiyar ɗakin akwai sandar ƙarfe da aka kafa a kututture, a kanta yake ɗora wili ya juya. Sai gudumar katako uku, jak ɗaya, tukunyar gas, da benci mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da guntun taya.

Aikinsa miƙar da wilin da ya lanƙwashe, musamman na babur mai ƙafa huɗu, irin wanda ma'aikatan manyan gonaki da masu gadin daji ke hawa. Ba a cika wa tayoyin wannan babur iska sosai, don su kama ƙasa mai laushi. Saboda haka idan aka hau dutse da ƙarfi, dutsen yakan danne robar har ya sami leɓen wili ya lotsa shi. Wilin baƙin ƙarfe ba shi da wuya, a buga shi ya koma. Na alminiyam ne mai rigima. In aka buga shi da sanyinsa ya tsage, in aka gasa shi ya wuce kima ya yi laushi, ba zai ƙara ɗaukar nauyi kamar da ba. Kuma ba ya yin ja a wuta balle ya gargaɗe ka. Yana nan fari fat har lokacin da zai zube.

Daga nan sunan ya samo asali. Kafin ya kunna wuta yakan goga busasshen sabulu a wurin da ya lotse. Yana gasawa yana kallon sabulun. In ya yi launin shayi mai kauri sai ya janye wutar ya ɗauki guduma. In ya yi baƙi kamar gawayi, an wuce. Duk wilin da ya gasa yakan sa masa ɗigo ɗaya da ƙusa ta ciki, kusa da wurin, domin in ya dawo ya gane aikinsa. Wili mai ɗigo biyu ba ya karɓarsa, ko wa ya kawo.

Ba da wannan ya fara ba. Mahaifinsa maƙerin tukwane ne, mai narkar da tsofaffin ƙarafa ya zuba a yashi, kuma shekara ashirin Mai Sabulu ya yi a gefen wannan wuta. Ya ce mini akwai gidaje da yawa a garin da suke dafa abinci a cikin wilin mota ba su sani ba. Wata rana wani direba ya kawo wili mai ɗan lotsewa ya ce a narkar. Ya ɗora shi a kan sanda ya juya don wasa, ya ga abin yana tafiya sumul sai a wuri ɗaya ya yi tsalle, kamar mutum lafiyayye mai tari. Ya ji ba zai iya jefa shi a wuta ba. Ya ɓata wili shida kafin ya miƙar da na bakwai. Mahaifinsa bai yi masa magana ba har mako biyu, sannan wata safiya ya miƙo masa gudumar katako da ya sassaƙa da hannunsa. Ita ce mafi ƙanƙanta a cikin ukun nan, bakinta ya yi santsi kamar ƙwai.

Ni ban san shi ba sai bayan rasuwar 'yata.

Likitar dabbobi ce. Tana zagaya gonaki da irin wannan babur, jakar magani a baya, takalman roba a ƙafa. Wata safiya bayan ruwan sama, a gangaren da ke sauka zuwa rafi, babur ɗin ya kife da ita. Babu wanda ya gani. Masu kiwo ne suka same ta. Da aka dawo mana da babur ɗin, tayar gaba ta hagu ba iska, wilinta a lotse.

Wata uku kafin nan wannan wilin ya taɓa lotsewa. Ta ce za ta sayi sabo. Ni kuwa mutum ne da ba ya iya yar da abu. Agogon hannuna ya girme ta, kuma an canza masa gilashi sau huɗu. Na ce mata ta kai a gyara. Ta yi dariya ta ce, "To, Baba, na ji." Ta kai. Tun ranar da aka binne ta tambaya ɗaya ke biye da ni: wurin da aka gyara ne ya tsage iska ta fita babur ya kauce, ko kuwa faɗuwar ce ta lotsa wilin? Shekara talatin na yi a ɗakin gwaje-gwaje ina auna abubuwa, amma wata bakwai na kasa ɗaga mayafin da ke kan babur ɗin. A wata na takwas na kwance wilin, na sa a buhu, na tambayi inda take kai gyara.

Na isa da hantsi. Na tarar da wani dattijo siriri zaune a kan benci, hannayensa a kan gwiwa, yana kallon abubuwan da ke rataye. Tukunyar gas ta yi ƙura. Kafin in gama sallama wani ƙato ya leƙo daga shagon da ke gefe, riƙe da bututun iska. Shi ne Mai Faci, maƙwabcinsa na shekara goma sha tara.

"Malam, in wili ka kawo ka makara," in ji Mai Faci. "Wannan ya yi ritaya bai sanar da cikinsa ba."

"Kai dai koma ka sayar da iska," Mai Sabulu ya ce ba tare da ya juya ba. "Tun kana yaro ita ce hajarka."

Ya amsa sallamata, ya ce in yi haƙuri, ya daina taɓa alminiyam. Na ce ba gyara na kawo ba. Na zaro wilin daga buhu na ajiye a ƙasa. Ya dube shi, ya sunkuya, ya zura yatsa ta ciki yana shafawa har ya sami ɗigon ƙusa. Yatsan ya tsaya a nan.

"Na Likita ne," ya ce.

"Ni ne mahaifinta."

Mai Faci ya ajiye bututunsa ya shigo, ya cire hula ya sake sawa. Suka yi mini ta'aziyya, na amsa. Mai Sabulu ya matsa ya ba ni gefen bencin da ba ya rawa.

Na faɗi abin da ya kawo ni, a taƙaice, har da cewa ni na sa ta gyara. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce shi ma yana da magana, kuma gara ya faɗe ta kafin a duba wilin, don kada daga baya ta zama kamar neman mafita.

"Ran da ta kawo shi, nan ta zauna inda kake. Na goga sabulu, na kunna wuta. Sai ta dubi wannan," ya nuna Mai Faci da haɓa, "ta ce, ashe a duk layin nan wili ne kaɗai ke ganin sabulu."

"Ni da nake wanka sau biyu," Mai Faci ya ce a hankali.

"A shekara. Haka ta ce masa, a shekara. Ya tashi yana rantse-rantse, ni kuma dariya ta kama ni, na juya ina kallonsa. Ban fi numfashi uku ba. Da na dawo da idona, sabulun ya wuce launin da nake so. Bai kai gawayi ba, amma ya wuce. Na miƙar da shi, na ƙwanƙwasa, ƙararsa lafiya. Na ce a raina ba komai. Ban gaya mata ba." Ya dubi tukunyar gas. "Da labari ya zo, na kashe gas ɗin nan. Ban sake kunnawa ba."

Na ga ashe tambaya ɗaya muke ɗauke da ita, ni daga wannan gefe, shi daga wancan. Ban ji haushinsa ba a lokacin, ban kuma ji tausayinsa ba. Na dai tambaye shi ko akwai hanyar sani.

"Akwai," ya ce. "Tsohuwar hanya ce, tana cin lokaci. Tsaga ba ta iya riƙe kananzir a cikinta."

Mai Faci ya raba tayar da wilin, yana yi a hankali kamar mai cire wa mara lafiya riga. Mai Sabulu ya wanke wilin tas, ya goge, ya shafe shi da kananzir ciki da waje har yana ɗiga. Ya ce a bar shi ya sha. In akwai tsaga, ko da ta fi gashi siranta, kananzir zai shige ta. Bayan awa guda za a goge saman ƙarfen ya bushe, a shafa masa alli da aka dama da ruwa, a sa a rana. Zafi zai turo kananzir ɗin waje, ya zana tsagar a kan farin alli.

Muka zauna jira. Mai Faci ya kawo shayi a kofuna uku da ba su yi kama da juna ba. Iska ta taso, wilolin rufi suka fara juyawa, hasken ya riƙa hawa bango yana sauka, yana bi ta kan fuskokinmu. Warin kananzir ya cika ɗakin. Ban san yadda aka yi ba, na ji barci na neman ɗaukata, ni da na yi watanni ba na samunsa yadda ya kamata. Muryar Mai Sabulu tana zuwa mini kamar daga wani ɗaki.

Yana cewa kowane wili da labarin hanyarsa yake zuwa. Na masu gadin daji jan ƙasa ke maƙale a cikinsa, kuma ta waje yake lotsewa, domin saiwoyin itace suke gogawa. Na masu fasa dutse kamar an tattauna shi. Na Likita kuwa kullum da ciyawa da kashin shanu, kuma gaba ta hagu ce ke shan wahala, domin in tana tafiya idonta na kan garken da ke dama, tana ƙirga wadda ke ɗingishi. Ban taɓa sanin haka game da ita ba. Na rufe ido na gan ta tana tafiya a bakin wata gona da ban taɓa zuwa ba, kanta a juye, shanu suna ɗago kai ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce wani lokaci yakan yi mafarki duk wilin da ya taɓa miƙarwa sun dawo, ba babur ba taya, suna gangarowa layin a jere, kowanne da ɗigonsa, su tsaya a ƙofa su kwanta. Ya ce a da mafarkin daɗi yake masa. A watannin nan kuwa yakan tsaya yana neman guda ɗaya a cikinsu.

"Ni mafarkina nama ne," in ji Mai Faci. "Shi ya sa na fi ka ƙiba."

"Shi ya sa kujerarka ta fi kowane wili lotsewa."

Da awa ta cika Mai Sabulu ya goge wilin da tsumma uku, ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshen ya fito ba danshi. Ya daka alli a murfin gwangwani, ya dama, ya shafa da yatsa. Ya fara da wurin ɗigonsa, ya shafa mai faɗin tafin hannu, ciki da waje. Sannan ya juya wilin ya shafa a sabuwar lotsewar. Sai a lokacin na lura cewa wuraren biyu ba ɗaya ba ne. Tsakaninsu ya kai kashi ɗaya cikin uku na da'irar. Na faɗa masa. Ya ce ya gani tun ɗazu, amma wannan bai isa ba, domin iska na iya fita ta wurinsa, sannan dutse ya sami wancan.

Ya fitar da wilin rana ya ɗora a kan bulo biyu. Muka tsuguna mu uku a gefensa. Allin ya fara bushewa daga baki-baki, yana tashi daga toka-toka zuwa fari. Aka kira azahar, muka je muka dawo, muka sake tsugunawa. Na duba agogona, sannan na cire shi na sa a aljihu.

A sabuwar lotsewar ne abu ya fara fitowa. Wani zare mai duhu, siriri, ya bayyana a kan farin, ya yi tsawon ɗan yatsa, ya riƙa faɗaɗa a hankali kamar tawada a takarda. Mai Sabulu bai ko dube shi ba. Idonsa na kan wurin ɗigon. Wurin yana nan fari. Ya ɗauki ƙaramar gudumar mahaifinsa ya ƙwanƙwasa kusa da shi sau uku, don in akwai abin da ya maƙale ya fito. Muka jira. Ƙuda ya sauka a kan allin, ya yi tafiyarsa, ya tashi. Inuwar rufin ta matso har ta taɓa bulon, ya ja wilin ya mayar da shi rana. Wurin yana nan fari.

Sai da la'asar ta kusa ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya kankare allin da ke kan zaren mai duhu, ya karɓi tabarauna ya kusanto da wilin fuskarsa, sannan ya miƙo mini.

"Duba cikin tsagar, Malam. Tana ƙyalli. Tsohuwar tsaga baƙa ce, ƙasa da ruwa sun shige ta. Wannan lokaci ɗaya ta faru. Ga ma ɓarɓashin dutsen a leɓen."

Na duba. Haka ne, tana ƙyalli kamar sabon cokali.

"Wurin da na gyara bai buɗe ba," ya ce. "Tayar da iskarta ta isa wurin dutsen nan."

Na tambaye shi to me ya kai ta kan dutsen. Ya girgiza kai.

"Wannan wili bai sani ba. Santsi ne, ko wata dabba ta gifta, ko tana kallon dama. Ba zan ƙirƙira maka ba."

Na yi tsammanin in na sami amsa zan ji wani abu ya sauka daga kaina gaba ɗaya. Ba haka ya zama ba. Wani ɓangare ya sauka, sauran yana nan inda yake. Amma na iya cewa a raina, karo na farko, ba maganata ce ta kashe ta ba. Mai Sabulu ya koma ciki ya zauna a kan bencin, a gefen da ke rawa, ya sa fuskarsa a tafin hannunsa. Muka bar shi.

Mai Faci ya shige shagonsa, muka ji yana ture-turen kaya. Ya fito rungume da wili biyu, ya koma ya kawo uku.

"Na masu gadin daji ne, da na gonar rake," ya ce. "Wata bakwai ina ce musu mako mai zuwa. Ƙaryata ta ƙare, tsoho. Har wurin salla suke tare ni."

Mai Sabulu ya daɗe yana kallon tulin. Sannan ya ɗauki na sama, ya shafa cikinsa bai sami ɗigo ba, ya ɗora a kan sanda ya juya. Ya riƙe guntun alli kusa da leɓen. Duk zagaye ɗaya sai allin ya taɓa wuri ɗaya ya bar fari. Ya tsayar. Ya goge ƙurar tukunyar gas da hannun riga. Ya duba inda yake ajiye sabulunsa, ya tarar guntun ya bushe ya farfashe. Sai ya miƙa hannu can saman katako ya sauko da wani sabo a cikin takardarsa.

"Likita ce ta kawo mini, bayan gyaran da mako guda," ya ce. "Irin wanda suke wanke hannu da shi in za su karɓi haihuwar saniya. Ta ce in ya ragu in ba wa maƙwabcina."

"Ka ji ko," in ji Mai Faci. "Har yanzu ba ta bar ni ba."

"Yanzu kuma ka yi mini shiru. In ka yi tari sai na gasa ka."

Ya yage takardar, ya goga sabulun a kan lotsewar, ya kunna wuta. Harshenta shuɗi ne, da ƙyar ake ganinsa da rana. Ya riƙa kai shi yana kawowa, idonsa bai motsa ba. Farin sabulun ya fara komawa ruwan ƙasa. Ƙamshinsa ya tashi da zafin, ya danne warin kananzir, ya cika ɗakin. Shi ne ƙamshin hannunta idan ta dawo gida da yamma ta karɓi kofin ruwa daga hannun mahaifiyarta. Na zauna ban motsa ba har sabulun ya yi launin shayi, Mai Sabulu ya janye wutar, ya ɗauki guduma.

Da zan tafi ya ce wilin Likita ba ya gyaruwa, tsagagge ba a miƙar da shi. Na ce na sani. Ya taimaka mini muka mayar da shi buhu, yana kare wurin ɗigon da tafin hannunsa don kada allin ya goge, domin na ce ina so mahaifiyarta ta gani da idonta. Ina fita layin ina jin ƙarar gudumar katako a bayana, a hankali, da ɗan jinkiri tsakanin bugu da bugu.